Yadda Nomau Ya Ɗaga Surukinsa

Duk direban da ya taɓa ɗauko yashi da tifa tsakanin Gazawa da Agiye ya san Nomau, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai faɗin ƙirji da ke da rumfa a bayan tasha, wanda rigarsa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi ta daina karɓa. Tsakiyar damina aka haife shi, kowa yana gona, abin da ya ja masa sunan ke nan, amma noma bai karɓe shi ba. Yana yaro in an miƙa masa hauya sai ya nemi inuwa ya zauna yana binciken yadda aka yi ƙarfen ya kama ƙota, ciyawa kuwa tana cin gero son ranta. Da ubansa ya gaji da faɗa sai ya sa shi a mota zuwa Maraɗi wurin wani mai garaj, ya ce a yi da shi duk abin da za a iya.

Abu biyu ya koyo a can: jan wayar wuta a gidaje, da gyaran silindar nan mai aiki da mai wadda ke ɗaga bayan tifa ta juye kayanta. Ya dawo Gazawa da sifana a aljihu da imani guda, cewa duniyar nan gaba ɗayanta waya ce da tiyo. Ba ya kuma jira a tambaye shi. A wurin suna, a zaman makoki, a bakin injin niƙa, da zarar ya samu kunnen da ba ya aikin komai sai ya fara.

"Kuran, wutar lantarki ke nan, ba ta hita sai ta san ta inda za ta komo," in ji shi. "Waya guda ta tahiya, guda ta dawowa, makunni a tsakani kamar ƙyaure. Shi kuwa mai ba shi matsuwa. Ka tura shi cikin siririn tiyo, dole shi nemi wurin zama. In ya rasa, sai shi ɗaga abin da ke bisa kanshi, ko babbar mota ce, kamiyo cike da yashi."

Mutane sukan ce Allah ya ƙara basira, su ja tabarmarsu gaba.

Aikinsa yana da kyau, ba a raina shi, sai dai yana da halinsa. Nomau bai taɓa sayen sabuwar robar da ke tare mai a bakin silinda ba. Da wuƙa yake yanko ta daga tsohuwar robar taya, saboda haka duk abin da ya gyara yakan yi ɗan yoyo. Tifar da ta bi ta hannunsa in an ɗaga bayanta aka bar ta, da kanta za ta riƙa saukowa sannu a hankali har ta kwanta. Da farko direbobi sun yi ƙorafi, daga baya suka saba, wasu ma suka ce ya fi, ba sai sun taɓa komai ba, kafin su gama shan shayi mota ta shirya.

Ya auri Talatu, ɗiyar Malam Isaka, tsoho mai gonakin gero da gyaɗa a gabashin gari. Malam Isaka mutum ne da ya yanke cewa komai na zamanin nan ya lalace, abu ɗaya ya rage, ita ce gaisuwa, kuma shi ne mai gadinta. Kullum yana ƙofar gidansa ƙarƙashin bishiyar bedi, a kan gadonsa na kara, yana karɓar gaisuwa yana auna ta. Ya san wanda ya tuɓe takalmi da wuri da wanda ya makara, ya san wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa da wanda ya yi mata wayo. Wanda ya cika sharaɗi, tsohon zai amsa masa tiryan-tiryan, ya tambaye shi gajiya da gida da yara da akuya mai ciki, har mutum ya tashi yana jin ashe shi ma wani ne.

Nomau kuwa ya iya. Ga shi gajere, ƙasa ba ta yi masa nisa. Tun daga nesa yake yar da takalma ya zube, idonsa a ƙasa. Uban Nomau ya rasu tun yana Maraɗi, ba su rabu da daɗi ba, saboda haka wannan tambayar ta tsohon, ina gajiya, yaya aikin ƙarfe, ta zame masa abin da yake jira daga Juma'a zuwa Juma'a. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma Talatu ta sani.

Sai ga ranar da babur ɗinsa da wani jaki suka so wuri ɗaya a kan hanyar Agiye. Jakin ya tashi ya kaɗe jikinsa ya tafi. Nomau kuwa sai likita, aka sa masa ƙarfe a gwiwar dama, ƙafar ta warke a miƙe sak kamar taɓarya. Tana tafiya, tana hawa mota, tana taka duk abin da aka ce ta taka, lanƙwasawa ce kawai ta rantse ba za ta ƙara yi ba.

Da ya samu sauƙi ya je gaisuwa. Ya tuɓe takalma, ya rusuna daga ƙugu iya ƙarfinsa, ya ce, "Baba, ina wuni?"

Malam Isaka ya ɗaga kai ya dubi reshen bedi, ya ce, "Mm."

Shi ke nan. Babu gajiya, babu gida, babu yaya jiki. Gaskiya tsohon bai kyauta ba, kuma an gaya masa. Matarsa Baturiya ta yi masa bayanin ƙarfen, Talatu ta yi, liman ma ya sa baki. Tsohon ya ce shi dai tun tasowarsa bai ga ƙarfen da ya gagari lanƙwasawa ba, kuma da idonsa ya hangi mijin Talatu a can saman kamiyo yana ɗaure tiyo. Mutumin da ke iya hawa can, a ce masa ƙasa ce ta gagare shi? Girman kai ne ya samu mafaka.

Nomau bai zauna ba. Juma'ar da ta biyo ya zauna daɓas a ƙasa, sai ƙafar ta miƙe ta nuna tsohon da tafinta, abin da ko mahaukaci ba ya yi wa surukinsa. Ya karkatar da ita gefe, ta nuna Baturiya da ke tsaye bakin zaure. Ya gwada mayar da ita baya ya lanƙwasa ta hagu, hannu biyu a gaba don kada ya kifa, tsohon ya juya ya tambayi mutanen da ke wurin ko kokawa aka zo yi da shi. Daga nan Nomau ya samo dabarar da yake ganin ta gama magana: ya haƙa rami daidai ƙugunsa a gaban bedi, don in ya zo ya shiga ciki ya tsaya. Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa mijin Talatu ya gaji da jira, ya fara haƙa wa tsohon kabari a ƙofar gida. Ragon Baturiya kuma ya faɗa ciki. Aka cike rami, Talatu ta yi kwanaki ba ta fita ɗibar ruwa don kunya.

Haka aka yi shekaru. Nomau bai fasa zuwa ba ko Juma'a ɗaya, tsohon bai fasa ba shi "mm" ɗinsa ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Na'Allah, mijin ƙanwar Talatu, mai awon hatsi a kasuwa, mutumin da Allah ya ba gwiwa kamar ta raƙumi. In Na'Allah ya durƙusa sai ka rantse a nan aka dasa shi. Nomau yana tsaye gefe zai ji ana tambayar Na'Allah lafiyar kajinsa ɗaya bayan ɗaya. Ga tsohon kuma ya fara tari, rigarsa ta fara yi masa yawa. Wata rana Talatu tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, Baba hwa ba ƙara ƙuruciya shikai ba." Nomau ya ajiye cokali. Tsoronsa ke nan, kada a ɗauki tsohon nan zuwa makwanci alhali kalmar ƙarshe da ta shiga tsakaninsu ba kalma ba ce.

Maganin ya zo masa a bakin aiki. Ya gama ɗaura wa wata tifa tiyo, aka tayar da famfo, bayanta ya soma ɗagawa. Direban yana tsaye inda yake bai motsa ba, amma da akwatin ya yi sama sai Nomau ya ga mutumin ya koma ɗan ƙarami a gindinsa. Ya daɗe yana kallo, baki buɗe. Ya rufe rumfa da rana tsaka ya ja ƙafarsa zuwa gida.

"Talatu, mi ake nema ga durƙuso?"

"Ladabi mana."

"A'a, bar ladabi, wannan cikin zuciya shike. Ga ido, mi ake nema? Babba shi kasance bisa, ƙarami ƙasa. To wa ya ce dole ni in sauka? Shi shi hau!"

Talatu ta dube shi irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi. Ta ce, "Shi hau ina?"

"Bisa. Kaɗan dai. Daidai yadda kaina za shi koma ƙarƙashin gwiwatai."

Ta ce ba ruwanta. Amma ta ga yadda idonsa ya yi, ta kuma tuna shekarun da ya yi yana dawowa daga gidansu ba ya iya cin tuwo, sai ta yi shiru, wanda a wurin Nomau izini ne.

Ya samo silindar wata tifa da ta mutu, irin mai gaɓa-gaɓa da ke fitowa daga cikin juna. Ya samo ɗan famfo mai aiki da batir da tankinsa na mai, da faifan sola da zai riƙa cika batirin. Ya ƙera gadon ƙarfe mai dogayen ƙafafu huɗu da abin jingina, ya saƙa masa igiya mai laushi, gadon da ko mai gari zai yi sha'awa. Da Malam Isaka ya tafi Agiye ta'aziyyar wani ɗan'uwansa ya yi kwanaki, Talatu ta gaya wa uwarta cewa mijinta zai kafa wa Baba sabon gado. Baturiya ta ga ana haƙa rami ta ɗaure ragonta, ta tambayi na mene ne kuma wannan. Aka ce don gara ne. Silinda ta shiga rami a tsaye, gado ya hau kanta, tiyo da waya suka bi ta ƙarƙashin ƙasa. Makunnin kuwa ya ɓoye shi a ƙarƙashin wani katako daidai inda masu gaisuwa ke tsayawa, ya shimfiɗa ƴar tabarma a kai. Ka taka, wuta ta samu hanya, famfo ya tura mai, gado ya tashi. Ka ɗaga ƙafa, ya tsaya. Ya auna saurin famfon da tsawon gaisuwarsa, wadda ba ta wuce ina wuni da mm, ya ga ta isa ta kai tsohon inda ake so.

Saura maganar saukowa. Duk mai wannan aiki ya san makunni biyu ake sawa, na hawa da na sauka. Nomau ya ɗauko na biyun ya riƙe a hannu yana juyawa. Wa zai danna shi? Shi, da yatsansa, ya saukar da uban matarsa ƙasa a gaban jama'a? Ya mayar da shi cikin akwati. Ai ba a bukatarsa ma, aikinsa ne, kowa ya san halinsa, mai zai riƙa zurarewa da kansa, tsohon ya sauko a hankali da ikon Allah ba da hannun kowa ba.

Sai dai a wurin haɗa bakin silindar, da ya ɗauko wuƙa da tsohuwar robar taya, zuciyarsa ta ƙi. Surukinsa guda zai zauna a kan tarkacen taya? Ya hau mota takanas zuwa Maraɗi ya sayo sabuwar roba cikin ledarta, karo na farko a rayuwarsa. Ya dawo yana jin daɗin kansa, bai haɗa wannan da wancan ba.

Tsohon ya dawo ranar Alhamis da yamma, ya zagaya gadon, ya danna shi da sanda, ya zauna, bai kuma tashi ba. Ranar Juma'a Nomau ya yi niyyar riga kowa zuwa bayan an sauko daga masallaci. Wani direba ya tare shi a hanya da tiyo a hannu yana rantse-rantse, kafin ya yakice shi an ɗan jima. Yana shawo kwanar unguwar sai ya ji famfonsa yana kuka. Ya ɗaga ido ya hangi rawanin Malam Isaka yana leƙowa ta saman katanga.

Na'Allah ne ya riga shi. Ya tuɓe takalma, ya zube a kan ƴar tabarma da nauyinsa duka, ya sunkuyar da kai yadda ya saba, don bai taɓa kallon fuskar surukinsa ba. Daga baya ya rantse cewa ya ji ƙarar, ya ɗauka injin niƙan maƙwabta ne. Ya kuma lura muryar Baba tana yin nisa, ya ce a ransa Allah sarki, tsufa. Shi kuwa tsohon, da ya ji ƙasa tana barinsa, ya ɗauka lokaci ne ya yi. Ya yi kalmar shahada a zuci. Amma tun da aka haife shi bai taɓa yanke gaisuwa a tsakiya ba, bai ga dalilin da zai sa ya fara ranar mutuwarsa ba.

"Ina gajiya?" in ji shi, kansa yana shiga ganyen bedi.

"Babu gajiya, Baba."

"Yaya mutanen gida?"

"Lahiya lau, Baba."

"Kazar nan mai ɗingishi hwa?"

Nomau yana ta jan ƙafa, gudu ba dama. Ya isa yana haki, ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya kasa. Yaya za a yi ya katse surukinsa yana cikin magana? Ya yi ta yi wa Na'Allah alama da hannu, mutumin da idonsa ke kan ƙasa. Da ya ga gaɓa ta ƙarshe ta fara fitowa sai ya zagaya bayan zaure ya fizge waya daga kan batir. Famfo ya yi shiru. Na'Allah ya gama amsa tambayar kaza, ya ɗago kaɗan don ya nemi izinin tashi, ya ga ba gado ba tsoho, sai sandar ƙarfe mai sheƙi ta tafi sama. Ya bi ta da ido har ya hangi tafin ƙafar Baba a cikin rassa, ya saki salati ya faɗi zaune.

Kafin ka ce me, unguwa ta cika. Matan maƙwabta da ke wanke-wanke a tsakar gidajensu suka ɗaga kai suka ga Malam Isaka yana shawagi a kansu, suka watse ɗaka suna kururuwa. Tsohon ya ja rawani ya rufe idonsa, ya gyara zama, ya ɗora hannu a kan gwiwa kamar dama can nan yake wuni. Baturiya ta fito ta dubi sama ta dubi Nomau, ta ce, "Wannan ita ce garar?" Aka aika aka kira Talatu, ta zo mayafi a hannu.

Nomau ya ce kowa ya kwantar da hankali, yanzu zai sauko da kansa. Ya tsaya gaban silindar yana jiran ɗigon mai. Jama'a suka taya shi jira. Ƙarfen nan ya bushe ƙamas, ko danshi babu. Can ya tuna sabuwar robar. Mutumin da ya yi shekaru ana yi masa tsiyar yoyo, ga shi yau yana roƙon Allah a ransa aikinsa ya yi yoyo ko ɗigo ɗaya, aikin kuwa ya zaɓi yau ya yi kyau.

Aka kawo tsani aka jingina. Tsohon ya ɗaga gefen rawani ya dube shi, ya mayar. Ya ce, da murya mai ƙarfi don kowa ya ji, shi ba zai juya wa surukansa baya ya sauko yana lalube da ƙafa kamar ɓarawon mangwaro ba. A zaune ya hau, a zaune zai sauka. Wani ya ce a sare bedin, ba wanda ya gane amfanin hakan. Wani ya ce a kira jandarma. Aka ɗaura buta a igiya aka jefa masa don la'asar ta gabato, ya karɓa ya ajiye gefe. Sai tarin ya taso masa. Ya yi ta yi, gadon yana girgiza a kan sanda ɗaya, ƙafafunsa sirara suna reto. Dariyar da ta fara zagaya bayan taro ta mutu. Talatu ta kama hannun rigar mijinta, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, ta ce, "Malam, ka sauko mani da ubana."

Hanya ɗaya ce. A gindin silindar, can cikin rami, akwai noti biyu. Ɗaya in an sassauta shi mai zai koma tanki a hankali. Ɗayan in an taɓa shi man zai fita gaba ɗaya, tsoho da gado su faɗo kamar buhu. Ba wanda ya san wanne ne wanne sai shi, kuma hannu ba ya kaiwa sai mutum ya kwanta rub da ciki a bakin ramin, daidai inda gadon zai sauka, ya kuma riƙe sifana har ƙarshe.

Mai ƙafa irin tasa ba ya kwanciya a hankali. Nomau ya tuɓe takalmansa ya jera su gefe. Ya zaro sifana, ya yi bismilla, ya saki jikinsa gaba ɗaya. Ya faɗi tim, haɓarsa ta daki ƙasa, hularsa ta yi nata wuri. Ya ja ciki da gwiwar hannu, ƙafar tana biye da shi tana share ƙasa, har kansa da kafaɗarsa suka leƙa ramin. Ya laluba ya samu notin, ya ɗora sifana.

Nan ma ya tsaya. Abin da ya guje wa tun farko shi ne ya same shi, da hannunsa zai saukar da mutumin nan. Kuma ga shi kwance a ƙarƙashin surukinsa bai ko gaishe shi ba. Ya tofar da ƙasar da ta cika masa baki, ya ɗaga murya daga cikin rami.

"Baba, ina wuni?"

Ganyen bedi kawai ya motsa, alamar an sunkuyo ana kallo.

"Baba, ka yi mani gahwara. Ni na yi wanga aiki, ba Talatu ba. Ba raini ba ne, walle ba raini ba ne. Na rasa yadda zan yi in koma ƙasa gare ka." Ya gyara riƙon sifana. "Ka ba ni izini in sauke ka?"

Can daga sama aka ce, "A hankali."

Ya murɗa kaɗan. Mai ya fara komawa yana tsiyaya cikin tanki, gaɓa ta sama ta shige cikin ta ƙasa. Bai ga komai ba sai duhun rami, amma yana jin jama'a suna cewa sannu, sannu, kamar masu sauke mara lafiya daga amalanke. Inuwa ta rufe shi. Ƙafafun gadon huɗu suka dira a kewayensa, igiyar ta lotsa da nauyin tsohon har ta taɓa masa baya. Ya saki sifana ya ja kansa daga ramin, ya kwantar da kumatu a ƙasa. Fita ba dama, juyawa ba dama. Yana hangen ƙafafun mutane kawai, da tasa ƙafar da ya san ta leƙo waje a miƙe, ko wa take nunawa oho.

Igiyar ta ɗaga daga bayansa. Tafin ƙafa biyu masu faso suka sauka gaban fuskarsa. Na'Allah ya matso zai kama tsohon a kai shi cikin gida, aka ji an buge masa hannu. Sai Nomau ya ga sanda ta dogara, ya ji ƙashi yana ƙara, gwiwa ɗaya ta sauko ƙasa, ɗayar ta biyo ta da ƙyar. Rawani ya leƙo ƙarƙashin gado, ganyen bedi maƙale a jikinsa. Malam Isaka, wanda rabonsa da durƙusa wa wani tun rasuwar ubansa, ya dafa ƙasa da hannu biyu yana numfashi sama-sama, ya dubi haɓar da ke jini, ya bi jikin da kallo har zuwa ƙafar.

"Lahiya lau," ya ce. "Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"Yaya aikin ƙarhe?"

"Mun gode Allah, Baba."

Tsohon ya miƙa hannu ya taɓa gwiwar ta kan wando. Ya danna, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya gwada tura ta, ya ji abin da ke ciki. Ya daɗe hannunsa yana wurin.

"Yaya ƙahwar?" ya ce, a hankali. "Tana ciwo in an yi sanyi?"

Nomau zai ce da sauƙi ke nan, kuka ya riga shi. Hawaye suka gangaro suka haɗu da ƙasa suka zama laka a kumatunsa, babban mutum mai ƴaƴa, kwance ƙarƙashin gado yana kuka ba ya ko iya share fuska. Ladan ya kira la'asar, ba wanda ya motsa. Talatu ta sunkuyo ita ma idonta ya yi ja, ta ce, "Baba, ka bari a ɗaga gadon a hiddo shi, kai ma a tashe ka."

Tsohon bai waiwaya ba. Ya ce, "Ku dakata tukuna. Ban tambaye shi yara ba."